Shekarar da Kakana Ya Jira Shamuwa

Shekaranjiya maƙwabciyata ta dawo daga ƙauyensu da ke bayan Tsiga, ta aiko mini da tsaraba: kuka, daddawa, da zangarniyar dawa guda biyu da suka yi baƙi ƙirin saboda hayaƙi. Wai surukarta ce ta ciro su daga rufin madafa, ta ce a ba tantabaruna. Ina kai su hanci na ji warin kunkunniya da tsohon hayaƙin kara, sai na samu kaina zaune a bakin rijiya, tsintsiya a hannuna, shara ta tsaya. Wannan ai ba abincin tantabara ba ne, iri ne. Wanda bai tashi a gidan noma ba, dawa mai datti kawai zai gani. Mu kuwa mun san cewa abincin gida na shekara guda ne aka rataye a sama, inda hayaƙi ke tsare shi daga ƙwaro.

A gidanmu, ɗakin kakana ake rataye iri. Mahaifin babana ne, Baba Tsoho muke kiransa. Ƙauyenmu yana tsakanin Funtua da Malumfashi, sai an sauka daga kwalta an yi tafiya cikin jar ƙasa. Gidan gandu ne, wato babbar gona guda ce kowa ke yi wa aiki, daga rumbunta kuma kowa ke ci. Kowane magidanci yana da 'yar gayaunarsa da zai shuka abin da ya ga dama, amma gandu na tsoho ne. Ba a sa masa sungumi sai ya sauko da iri da hannunsa, ya yi bisimilla, ya jefa ƙwayar farko. Shi kuma ba ya sauko da iri sai shamuwa ta zo.

Wata ƙatuwar tsamiya ce a bayan ɗakinsa, a kanta suke sauka. Idan ba ka taɓa ganin shamuwa ba, ka ƙaddara wata doguwar baƙuwa ce da ta yafa baƙin mayafi a kan farar riga, tana tafiya a hankali kamar mai tsoron ɓata ƙafa. Ƙarshen bazara suke zuwa, lokacin da zafi ya kai mutum ya rasa inda zai sa kansa. Wata safiya kawai za ka fito ka tarar da kirare sun zube a gindin tsamiya, ƙasa ta yi fari-fari da kashinsu, sama kuma ana ta kai da kawo. Ranar nan kakata, wadda muke kira Iya, har tuwo take ƙarawa, sai ka ce baƙin a cikinsa za su sa hannu. Ba mai jifansu, ba mai hawa ya taɓa ƙwansu. An sha gaya mana cewa baƙi ne daga nesa, amana ce a wuyan mai gida.

Kada ka ɗauka camfi ne. Kakana mutum ne mai tsoron Allah, carbi ba ya barin hannunsa. Yakan ce ba tsuntsuwa ke kawo ruwa ba, Allah ke kawowa, ita dai an sanar da ita abin da ba a sanar da mu ba. A ƙasarmu akwai ruwan farko mai yaudara, ya sauka da ƙarfi, mutane su ruga su shuka, sannan sama ta ɗauke har tsiron ya ƙone. Ya ce tun yana saurayi ya ga shekarar da shamuwa ta yi jinkiri, waɗanda suka yi gaggawa suka rasa iri har sau biyu, mahaifinsa da ya jira shi kaɗai ya ci sabon hatsi. Daga nan ya riƙe abin da hannu biyu.

Ya san su kamar yadda Iya ta san awakinta. Idan damina ta yi kyau, kududdufin bayan gari ya cika, kwaɗi suka yi yawa, fara ta yi ƙiba a ciyawa, sai ya ce mini in duba da kyau, bana kowace sheƙa za ta fitar da 'ya'ya uku ko huɗu. Haka kuwa za a yi, baɗi sheƙuna su ƙaru har wasu su rasa reshe su koma kan kukar masallaci. Idan kuma ruwa ya yi ƙaranci, iyaye su yi ta yawo su dawo da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, ƙananan su faɗo ƙasa, muzuru ya ɗauke, shekara mai zuwa ka ga tsamiya da sauran wuri. Yakan ce abu uku ne ke riƙe da su, ruwa, da abin ci, da reshen da ba a sare ba. Shi ya sa ko muciya ta karye, ba mai sarar tsamiyar nan.

Ina da shekara goma ko sha ɗaya idanunsa suka fara yana. Daga nan na zama idonsa. Shi ke kirana amaryarsa, ni kuma in ce na fasa auren tsohon da ba ya ganin kwalliyata. Ni ke ja masa sanda zuwa ƙofar masallaci, ni ke gaya masa launin gajimare.

A daminar wannan shekara, bayan marka ta yi sauƙi, aka kai shi Funtua wajen gwaggona don a duba idon a asibiti. Ya daɗe can, ya fi wata biyu. A lokacin ne abin ya faru.

Babana ya shuka auduga a gayaunarsa, tsutsa kuma ta kama ta. Sai ya samo wani ruwa a cikin gwangwani, da injin feshi na aro irin wanda ake goyawa a baya. Shi ne farkon shigarsa unguwarmu, har mutane suka taru kallo. Na tuna Iya ta toshe hanci da gefen zane ta ce, wannan wari haka? Baba ya ce mata magani ne. Ta ce to ai shi ke nan, magani dama ba ya daɗi. Rubutun jikin gwangwanin da Turanci yake, ba mai iya karanta shi a gidan. Baba ya fesa gonarsa tun hantsi har azahar. Da ya gama, ya yi abin da kowane manomi ke yi da fartanya da ƙwarya da ƙafafunsa, ya gangara kududdufi ya wanke injin tas, ragowar da ta saura a ciki ya tuttular a ruwa, don ya mayar wa mai kaya da kayansa da tsabta.

Washegari da safe Iya ta aike ni in yayo mata rama a gefen kududdufin. Tun daga nesa na ga bakin ruwan ya yi fari, na ɗauka furen bado ne iska ta karkaɗo. Da na matso sai na ga ciki ne. Kwaɗi ne birjik sun juya cikinsu sama, manya da ƙanana, da 'yan kifaye, wasu suna ɗan motsa ƙafa. Shamuwa kuma sun cika wurin, suna tsinta cikin natsuwa, ba gudu ba wahala, su cika baki su tashi su kai wa 'ya'yansu. A lokacin 'ya'yan sun yi gashi, saura kaɗan su fara tashi. Wallahi har murna na yi musu. Na ce yau baƙinmu sun samu walima.

Kafin la'asar suka fara faɗowa. Muna tsakar gida ana sussuka, sai muka ji tim a bayan ɗakin tsoho, kamar an yar da damin kara. Kafin mu kai, wata ta sake faɗowa. Na ga babbar shamuwa a ƙasa tana juyi wuri guda, wuyanta ya lanƙwashe baya, kumfa na fita a bakinta, dogayen ƙafafun nan masu kunya suna shure-shure a cikin ƙura. Iya ta yi ta salati tana tafa hannu, tana cewa a kawo madara, a kawo manja. Muka buɗe bakin wata muka ɗura mata nono, ya dawo ta hanci. Kwana biyu ana wannan ruwan tsuntsaye. Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne 'ya'yan da ba su ci ba, iyayensu suka mutu a daji. Suka yi ta kuka a sama suna miƙo wuya, mu kuma muna ƙasa ba yadda za mu yi, har kukan ya ragu, ya ragu, ya ƙare. 'Yan ƙalilan da suka tsira suka yi shawagi a kan gari wata safiya, suka nufi kudu tun lokacin tafiyarsu bai yi ba.

Baba da kansa ya haƙa rami a bayan rumbuna ya binne su. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Iya ta tara mu ta ce likita ya yi gargaɗi cewa jinin tsoho ya hau, kada a tayar masa da hankali. Ta bi maƙwabta gida-gida tana roƙo. Ni kuma ta riƙe kunnena, ba da zafi ba, ta ce, “Ke ce bakinsa, ke ce idonsa. In kika faɗa ya faɗi, ke kika sani.”

Tsoho ya dawo a cikin kaka, ana yankan dawa, lokacin da dama shamuwa sun saba tafiya. Aikin idon bai yi wani amfani ba, inuwa kawai yake gani. Ya tambaye ni ko baƙinsa sun tashi lafiya. Na ce sun tafi.

Rani ya wuce, bazara ta shigo, gabas ta fara haɗa gajimare. Kullum bayan ya dawo daga sallar asuba, rana ta ɗan fito, sai ya zauna a kan buzunsa ya ce, “Amarya, leƙa mini tsamiya. Sun zo?” In je in tsaya a gindinta, in ɗaga kai in kalli tsofaffin sheƙunan da iska ta wargaza, in dawo in ce ba su zo ba. Ban taɓa yi masa ƙarya ba ko sau ɗaya, kuma har yau idan na tuna sai in nemi gafarar Allah a kan wannan gaskiyar tawa.

Ruwan farko ya sauka, wasu suka shuka. Na biyu ya sauka, mai yawa, ƙasa ta jiƙu har zira'i, kowa ya fita da sungumi. Baba ya je ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya ce, “Baba, duk gari an shuka, saura mu.” Tsoho ya ce, “Duk gari suna da irin da za su sake in wannan ya ƙone? Ka duba sama da kanka. Ba ta taɓa makara a banza ba.” Baba ya buɗe baki, ya kalli Iya, ya rufe. Iya kuwa addu'a take yi Allah Ya jefo ko guda ɗaya daga wani gari, ko ɓatan hanya ne, ta sauka a tsamiyar nan a samu abin nuna masa. Har tsakin dawa ta watsa a gindin itacen, alhali ta san shamuwa ba ta cin hatsi.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Dawar maƙwabta ta tsiro, ta rufe ƙasa, ta kai idon sawu, aka fara noman farko. Gandunmu yana kwance jajir a tsakiyar kore, ciyawa kaɗai ke cin ruwansa. Mu fiye da ashirin ke ci daga gonar nan. Duk wanda ya wuce ta gefenta sai ya kau da kai. Kowa a gidan yana jiran wani ya yi magana, ni kuma kowa ya bar ni da tambayar safe.

Ranar da abin ya ƙare, an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi mai daɗi. Na dawo daga gindin tsamiya na faɗi abin da na saba faɗa. Ya ci gaba da jan carbi. Sannan ya ce, a hankali, ba ma da ni yake ba, “Allah sarki. Ko me ya same su a hanya? Hanyar da nisa, ga 'ya'yan bara ba su saba ba. Ya Allah Ka kawo su lafiya.” Ya ɗaga hannu yana yi musu addu'a.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, “Baba Tsoho, ba za su zo ba. Sun mutu tun bara.”

Hannunsa bai sauko ba. Ya ce, “Me kika ce?” Na fashe da kuka na faɗa masa komai, injin, kududdufi, kwaɗi, ramin. Ya laluba sandarsa ya miƙo mini ƙarshenta, ya ce in kai shi. Na ja shi muka zagaya bayan rumbuna, inda ƙasa ta ɗan lotsa, tafasa ta fito a kai. Ya tsuguna ya shafa wurin da tafin hannu. Ya ce, “Har da 'ya'yan?” Na ce har da su. Ya yi innalillahi, ya zauna daɓas a cikin taɓo da farar rigarsa.

Kafin nan gida ya taru. Baba ya zo ya durƙusa nesa kaɗan, kansa a ƙasa. Ya ce, “Baba, ka yafe mini. Ban sani ba. Ce mini aka yi magani ne.”

“Magani,” in ji tsoho. Ya sake maimaitawa kamar yana ɗanɗana kalmar. “Wa ya raɗa masa wannan suna? Abin da aka ɗura mini a ido a Funtua shi ne magani, ko da bai yi ba. Wannan da ya kashe tsutsa, ya kashe kwaɗo, ya kashe tsuntsu, da akuyar uwarka ta sha ruwan nan fa? Da yarinyar nan ta sha? Guba ka goyo a bayanka.” Ya juya wajen da yake jin numfashin Iya. “Tsuntsaye kuskure ne, Allah Ya ga zuciyarsa. Amma ku duka, da idanunku, kuka zuba mini ido ina tambayar yarinya kullum safiya, abincin jikokina yana rataye a kaina?” Iya ta ce, “Malam, jininka muka ji wa tsoro.” Ya ce, “To ga shi bai kashe ni ba. Yunwa kuma sai mu gani.”

Ya sa aka kafa masa turmi a ɗaki, ya hau da kansa ana riƙe da shi, ya kwanto irin. A ranar muka shuka gandu, maza da mata da yara, har magariba.

Amma an makara. Dawarmu tana ƙarama lokacin da ta kowa ta yi ƙarfi, kuma a shekarar aka yi fara da tsutsa irin wadda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba a unguwar. Ka taka ciyawa su tashi fuu kamar hayaƙi. Babu mai tsince su. Da can shamuwa ke bin bayan masu noma suna kamawa, kwaɗi kuma suna cin ƙanana tun ba su yi fiffike ba. Kududdufi ya yi tsit, sauro ya samu gari. Abin da fara ta bari, ruwa ya ɗauke masa kafin ya yi ido. Rumbu ɗaya bai cika ba. Awakin Iya suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, muka koma tuwo sau ɗaya a rana, da rogo da zogale. Ba wanda ya mutu, alhamdu lillahi, amma ƙanwata da ake yaye a lokacin ta daɗe ba ta yi tafiya ba. Ba wanda ya ce mini na kyauta ko ban kyauta ba. Ni dai nakan lissafa: da na yi magana ranar ruwa na biyu, da ba haka ba.

Bayan shekaru, a makarantar sakandare, malaminmu ya zana ciyawa a allo, da fara, da kwaɗo, da tsuntsu, ya haɗa su da kibiyoyi, ya ce idan aka zare guda sauran sai su rikice. 'Yan aji suna kwafa. Ni kifa kaina na yi a kan tebur.

Kakana ya rayu shekara huɗu bayan haka. Kwaɗi sun dawo a damina ta biyu, shamuwa kuwa sai a shekararsa ta ƙarshe sheƙa biyu suka bayyana, kuma a kan kukar masallaci, ba a tsamiyarsa ba. Bai sake jiransu don shuka ba, ya koma tona ƙasa da yatsa yana jin zurfin laima. Bai hana Baba feshi ba, ya san tsutsa ma ba ta da tausayi. Doka biyu kawai ya kafa, kada a sake wanke injin a ruwan da wani rai ke sha, kuma kada a sake kiran abin nan magani a cikin gidansa.

Yanzu idan ka bi hanyar Dandume da damina, kusan duk wanda ka gani a gona da inji a bayansa. Ba tsutsa kaɗai ake fesa wa ba, har ciyawa, don an daina wahalar fartanya. Ba na zargin kowa, bakuna sun yi yawa, gonaki sun haɗe da juna, ba sauran saura, wato gonar da ake bari ta huta, ba sauran kurmi. Zomo da fakara da bushiya, waɗanda muke tuntuɓe da su a hanyar rafi, sun rasa wurin ɓuya da wurin haihuwa. An cike kududdufinmu an yi gidaje. Hatsi ya ƙaru, ban musa ba, amma gona ta yi shiru irin wanda ke ba ni tsoro.

Ni ma ba tsarkakakkiya ba ce. Ina da 'ya'ya, ina tsoron zazzaɓi, ina fesa ɗakunansu kafin magariba. Makon jiya na tsaya a wani kanti a kasuwar Funtua na ce a ba ni gubar sauro. Mai kantin ya yi dariya ya ce, “Haba Hajiya, ki ce magani mana, kada ki kore mini masu saye.” Wata mata da ke gefena, da goyo a bayanta da gwangwani biyu na irin abin da na nema cikin leda a hannu, ta juyo ta kalle ni, ta kalli abin da ta riƙe. Na ga ta ciro su daga ledar da ta sa garin kunun jaririnta, ta ce a ba ta wata leda daban.